Mutanen Igiya

Zuwa ga Yayana,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya, kai da Anti uwargidanka da Inna. Yaya ƙafar Inna? Na kira ka sau huɗu ba ta shiga, sai Anti ta ce min wayarka ta sake faɗawa rami. Ta uku ke nan fa, Yaya! To tunda kai da waya ba kwa ga maciji, ga takarda nan da biro na sako maka a ambulan, ba ka da sauran uzuri.

Albishirinka: kamfanin nan ya yarda zai buga wasana. Na san za ka ce wasan me kuma mace da girmanta, to bari in sake yi maka bayani. Mutum biyar ko shida ne suke zama kewaye da tebur. Ɗaya shi ne mai jan labari, shi yake faɗin inda ake da abin da ya tunkaro. Sauran kowa ya ƙirƙiri mutum ɗaya ya zama shi, ya faɗi abin da zai yi, sannan a jefa ƙwaya irin ta lido a ga ko ya dace. Duniyar duk ƙirƙira ce, da dodanni da tsafi da birane a kan gajimare. Amma kafin ka ƙirƙiri mutuminka sai ka zaɓi al'ummar da ya fito. Babin al'ummomin nan shi ne farkon littafi, shi kowa yake fara buɗewa.

Ina da al'umma shida. Akwai Mahaya Iska, akwai 'Yan Birnin Madubi, da sauransu, duk kyawawa, duk da takobi a rataye. Ranar nan na zauna na ƙare musu kallo sai na ji haushin kaina. Babu ko ɗaya a cikinsu da aka taɓa matsawa gefe a mota saboda warinsa. Ina so in ƙara ta bakwai, Mutanen Igiya, masu shiga ƙarƙashin birni suna yasar rijiyoyi da ramukan ƙazanta. Aikin Baba ke nan, aikinka ke nan. Ina so wata rana wani ɗan gata ya buɗe littafi ya ɗora yatsa ya ce, "Ni wannan nake so in zama."

Matsalar ita ce ban san aikin ba. Ina shekara tara Baba ya rasu, Allah ya jiƙansa, kuma kun hana ni zuwa ko kusa da bakin rami. Abin da na sani kawai kayanku da ake shanyawa a bayan ɗaki, nesa da na kowa. Don Allah ka rubuto min yadda ake yi, komai ƙanƙantarsa.

Ka gaishe min da Inna da kyau. Ka ce wa Anti ina nan tafe da atamfarta.

Ƙanwarka,
Auta

*

Auta,

Wa alaikumus salam. Kowa lafiya, ƙafar Inna da sauƙi. Takardarki ta iso, biron kuma ba ya rubutu, sai da na ari na maƙwabci. Haka kyautar 'yan boko take.

Wato ke a tunaninki akwai wanda zai zauna a ɗaki mai fanka ya ce shi mai yasar rami yake so ya zama? Ni da nake yi shekara ashirin da biyar ban taɓa so ba. Amma tunda kin nace, ga shi, kuma in za ki sa mu ki sa mu daidai.

Ba a shiga sai an zura kyandir a cikin gwangwani har ƙasa. In ya mutu, kowa ya naɗe kayansa, ko mai gida zai yi ta zagi. Sabuwar igiya ba a yarda da ita sai an rataya mata buhun yashi ta wuni. Ƙulli a ƙirji ake yi, ƙarƙashin hamata, ba a ƙugu ba, don wanda ya suma in an ɗaure shi a ƙugu ninkewa yake yi biyu ya maƙale.

A ƙasa murya ba ta da amfani. In iskar rami ta kama ka, magana ce take fara tafiya, hannu ne yake saura. Shi ya sa ake magana da igiya. Ja ɗaya, bokiti ya cika. Ja biyu, a sako min igiya. Ja uku, a fitar da ni yanzu. Mai riƙewa a sama kuwa igiyar tana kwance a tafin hannunsa, ba safa, ba tsumma. Ba ya amsa sallama, ba ya korar ƙuda, ko sunansa aka kira ba ya waigawa. Mutane suna cewa ba mu da tarbiyya, to su yi ta faɗa. Baba ya taɓa marin wani abokin aikinsa don ya amsa gaisuwar surukinsa da igiya a hannu.

Don haka mu ba mu zuwa ɗaya, bibbiyu muke. Ni tun rasuwar Baba ban sake riƙe wa kowa ba, shiga nake yi, Dogo ke riƙe min. Mutumin kirki ne, in ban da tsami da ƙafarsa take yi, wanda ko ni da nake fitowa daga rami ina jin sa.

Inna ta ji labarin littafin, ta riga ta shelanta wa duk layin nan. Ta ce Antinki za ta karanta mata shi daga bango zuwa bango, yadda ta saba karanta mata duk abin da kika rubuta. Ta ce ki ci abinci, kin rame a hoto.

Yayanki

*

Yayana,

Sallama da gaisuwa, da fatan aiki da sauƙi. Na karanta takardarka sau biyar. Ƙulli a ƙirji! Wallahi da a ƙugu zan sa, in ji kunya.

Na rubuta su yadda ka ce. Na sa doka cewa ba a ɗaukar Mutanen Igiya mutum ɗaya, sai 'yan wasa biyu sun yarda, ɗaya ya shiga, ɗaya ya riƙe. Ranar Asabar aka yi gwaji a ofishin kamfani, da mutum goma sha biyu da aka gayyato, tebur biyu. Yaya, abin bai yi daɗi ba. Wanda ya shiga ƙasa yana ta jin daɗinsa, yana haɗuwa da dodanni yana tsintar zinare. Mai riƙe igiya kuwa awa guda yana zaune ba abin yi. Ɗaya ya ciro waya yana latsawa. Da mai jan labari ya ce masa, "An ja uku," sai ya ɗago ya ce, "An ja me?" Abokinsa ya mutu a ƙasa, tebur ya kwashe da dariya. Ni na shiga banɗaki na daɗe.

Editan da ke kula da littafin, mutum ne mai sanyin magana amma ba ya lanƙwasuwa, ya kira ni ofishinsa. Ya ce shafuka na al'umma shida ne, ba bakwai ba, kuma wadda ta faɗi gwaji ba jefar da ita ake yi ba, bayan littafi ake mai da ita. Bari ka ji abin da bayan littafi yake nufi. A gaba, kowace al'umma tana da shafi takwas: sunayen da suke raɗa wa 'ya'yansu, abin da suke tsoro, yadda suke makoki. A baya kuwa babin abokan gaba ne, waɗanda ba wanda yake zama su, sai dai a gamu da su a kashe. Rabin shafi ne, ƙarfinsu nawa, sara nawa ke kai su ƙasa, me ake samu a jikin gawarsu. Kuma ba zan iya janye su gaba ɗaya ba, na riga na sa hannu, duk abin da na miƙa ya zama na kamfani.

Na roƙe shi ya ba ni gwaji ɗaya. Ya ba ni sati uku. Yaya, ka taimake ni. Me mai riƙe igiya yake yi tsawon wannan lokacin? Dole akwai wani abu. Ba zan yarda a mai da Baba rabin shafi ba.

Ka gaishe da mutan gida. Kada ka faɗa wa Inna wannan tukuna.

Ƙanwarka,
Auta

*

Auta,

Lafiya lau muke, da fatan ke ma haka. Kwana shida takardarki tana aljihuna.

Kin tambayi me mai riƙe igiya yake yi. Ba ya yin komai, aikin ke nan. Kuma wannan ba komai ɗin ya fi shiga wuya sau goma. Mutumin nan mai waya da kuka yi wa dariya, ni ban yi dariya ba. Zan gaya miki dalili, amma ke kaɗai nake gaya wa. Ba na littafi ba ne. Ki karanta ki ƙona.

Ranar da Baba ya rasu ni nake riƙe masa, wannan kin sani. Gidan wata tsohuwar malama ne, da rana tsaka, zafi kamar ya kashe mutum. Kyandir bai mutu ba, amma ya yi ƙasa-ƙasa, Baba ya ce zai yi sauri. Kin san yadda ake ba mu ruwa a gidajen mutane? A tsohon gwangwani, a ajiye a ƙasa, a ja baya, in mun tafi a jefar da shi. Tun ina ɗan sha takwas haka nake sha. Ranar nan sai matar ta fito da kanta, da kofin gilashi a kan faranti, irin wanda suke sha da shi. Ta tsaya dab da ni, ba ta toshe hanci ba, ta ce, "Sannu da aiki, ɗana." Ta miƙo min.

Auta, shekarata ashirin da uku, ba yaro ba ne ni, na san doka. Amma na kasa barin ta tsaye da faranti, na kuma kasa karɓa da hannu ɗaya kamar marar kunya. Sai na sa igiyar a ƙasa na taka ta da takalmi, na karɓa da hannu biyu. Ta tambaye ni ko na yi makaranta, na ce na yi kaɗan. Ta ce ina da hankali. Ban san tsawon lokacin ba. Takalmi ba ya jin an ja.

Da na mayar da igiyar hannuna na ji ta yi nauyi, irin nauyin da ba na mai motsi ba. Na yi ihu, maƙwabta suka taya ni ja. Ya fito hannunsa na dama yana sama da kansa, ya damƙe igiyar, sai da muka ɓamɓare yatsun ɗaya bayan ɗaya. Ya ja, Auta. Allah kaɗai ya san sau nawa.

Da yamma Inna ta kama hannuna ta ce, "Ya ja igiya?" Na ce bai ja ba, iska ce ta buge shi farat ɗaya, bai sha wahala ba. Ta ce alhamdulillahi. Da wannan maganar take rayuwa shekara ashirin, kuma ni nake ba ta magani da hannun nan kullum safiya.

To kin ji abin da na sama yake yi. Duk duniya tana kiran sa, shi kuma yana ƙi. Ki nemi wata dabarar ki gyara wasanki, Allah ya ba ki sa'a.

Yayanki

*

Yayana abin ƙaunata,

Assalamu alaikum. Ka yafe min shirun da na yi. Kwana uku ban je aiki ba bayan takardarka. Ban ji haushinka ba, wallahi ko na minti ɗaya. Tausayinka ne ya hana ni cin abinci, shekara ashirin kana ɗauke da wannan kai kaɗai, ni ina can ina zana birane a gajimare.

Yanzu zan faɗa maka abu, ka karanta har ƙarshe kafin ka yi fushi.

Mun ci gwajin. Na sa zare na gaske a ƙarƙashin tebur tsakanin 'yan wasan biyu. Wanda yake ƙasa an hana shi magana, sai dai ya ja zare. Shi kuma na sama, kowane zagaye mai jan labari yana miƙo masa kati, ana kiran sa Tayi: wani ya gaishe ka da mutunci, wani ya kira ka cikin gidansa, wata ta ce tana son ka. In ka karɓa, mutuminka ya samu daraja, abin da Mutanen Igiya ba su da shi. Amma katin da hannu biyu ake karɓar sa, sai ka saki zaren.

Yaya, da ka ga ɗakin! Ba wanda ya taɓa waya. Wani ƙato mai gemu ya ƙi kati huɗu, gumi yana keto masa, na biyar ya karɓa. Abokiyar wasansa tana ta jan zare a ƙarƙashin tebur, zaren yana zuwa mata sakaka. Da aka gama ya kifa kai a tebur. Edita ya ce bai taɓa ganin irin wannan ba. Mutanen Igiya za su buɗe littafin, Mahaya Iska ne za su koma baya.

Katin da ƙaton ya karɓa na kofin ruwa ne. Edita yana so a zana shi a bango: saurayi da kofi a hannu biyu, igiya a ƙarƙashin ƙafarsa.

Na san abin da ka ce min. Na zauna kwana goma ina neman wata dabarar, ban samu ba, lokaci yana ƙurewa. Ba sunanka, ba sunan Baba, duniyar ma ba tamu ba ce. Kuma ka duba, duk wanda ya zauna a kujerar nan zai san ba mugunta ba ce, zai san kowa zai iya. Na ga kamar wanke ka nake yi.

Ina jiran amsarka.

Ƙanwarka da ba ta da kamar ka,
Auta

*

Auta,

Na ce ki ƙona, kika kai ofis.

Wa ya ce miki wanki nake nema? Na ba ki abin da ban ba matata ba, kika yanka shi kati-kati kika raba wa baƙi su yi gumi su ji daɗi, su tashi su tafi gidajensu. Ƙatonki mai gemu ya kifa kai minti nawa? Biyar?

Ba suna, in ji ki. Inna ba ta karatu amma ba makauniya ba ce. 'Yarta ta yi littafi a kan aikin mijinta, a bango ga saurayi ya taka igiya, kuma ɗa ɗaya ne ya riƙe igiya ranar. Sai ta tambayi wa? Ko an cire zanen, Antinki za ta karanta mata dokar kalma bayan kalma, tana zaune a bakin gado tana gyaɗa kai. Jininta ya hau wata biyu da suka wuce, ban faɗa miki ba don kada hankalinki ya tashi.

Ki cire. Ba kofin kaɗai ba, duka.

Yayanki

*

Yaya,

Ina gaishe ka, in za ka amsa. Ba ni da bakin kare kaina. Na ci amanarka, kuma ban yi don Baba kaɗai ba, na yi ne har don ina so a ce na iya. Wannan ma gara ka ji shi daga bakina.

Na je wurin edita na ce a cire. Bai yi faɗa ba. Ya ce dokar Tayi tawa ce, tunda ban miƙa ta a rubuce ba tukuna, ina iya tafiya da abata. Amma in babu ita, Mutanen Igiya su ne dai waɗanda suka faɗi gwaji, kuma bayan littafi za su koma. Sai ya jawo aljihun tebur ya nuna min shafin da suka tanada tun farko, ko da za a buƙata. Na kwafo maka shi yadda yake:

"'Yan Rami. Ba sa magana. Suna fitowa uku zuwa shida, da wari a gabansu. Sara biyu ke kashe ɗaya. Abin da ake samu a jikinsa: igiya gaba ashirin, guntun kyandir."

Ko sunan ba su bari ba. Mai zane ya yi musu haƙoran ɓera. Kuma a labarin farko da ake koya wa sababbin 'yan wasa, su ne abin da ake fara kashewa, don igiyar tana da amfani a gaba. Wannan shafin ma Anti za ta karanta wa Inna.

Na roƙa, na yi kuka a gaban mutum, abin da ban taɓa yi ba. Na ce a share su kawai, ya ce shafin ya riga ya shiga tsari. Ni na kawo su, Yaya, ba wanda ya aike ni. Da na bar ku a inda kuke, da ba wanda ya taɓa ku.

Ranar Litinin ta sama ake rufe littafin. Ko a gaba da dokar, ko a baya ba ita. Ba zan zaɓa ba, na riga na zaɓa sau ɗaya ba da izininka ba. Abin da ka ce shi zan kai musu, ko kalma ɗaya ce.

Ka gaishe min da Inna. Ka yafe min in ka iya.

Auta

*

Auta,

Na amsa gaisuwarki.

Ki bar dokar, ki bar zanen. Ba za a sare Baba don igiya ba ina da rai.

Jiya da safe bayan na ba Inna magani na rufe ƙofa na faɗa mata. Gara ta ji a bakina da ta gani a bango. Ban rage komai ba, har kofin ruwan, har yatsun. Ba ta yi kuka ba, jininta ma bai tashi ba, Antinki ta auna sau biyu. Ta saurare ni har ƙarshe tana kallon hannuna. Sannan ta yi min tambaya ɗaya. Ta ce, "Ka shanye?"

Na ce mata eh, na shanye.

Yau da safe na kai maganin, ta ce in ajiye, Antinki za ta ba ta.

Kada ki aiko min da littafin. Allah ya sa alheri.

Yayanki